Sandar Ciko a Waldar Alminiyon

Duk wanda ya taɓa kai murfin injin babur da ya tsage wurin mai walda ya san abin da ake ce masa: wannan alminiyon ne, sai an bi shi a hankali. Mai walda kuwa yana da gaskiya. Alminiyon, wanda wasu ke kira sanholo, yana narkewa a zafin digiri 660 kacal, amma iska tana yi masa wata siririyar fata a baya, ita kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Ga shi ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe. Ana kallonsa fari fat, sai kawai ya rufta ya bar rami.

Shi ya sa aka fi yin aikinsa da injin TIG, wanda Russell Meredith ya ƙirƙiro a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka a farkon shekarun 1940. A yau ana haɗa shi da iskar argon, wadda ke kare narkakken wurin, da lantarki mai kai-komo, wanda ke fasa waccan fatar. Hannu ɗaya na riƙe da bakin wuta, ɗayan yana tsoma sandar ciko kaɗan-kaɗan. A kan sandar nan ake yawan yin kuskure.

A ido duk sandunan kamarsu ɗaya. Bambancin yana ga lambar da aka buga a jikinsu, kuma biyu ne suka fi yawo. Ta farko ita ce 4043, mai silikon wajen kashi 5 cikin ɗari. Tana narkewa da sauƙi, tana malala, ba ta cika tsagewa in ta huce ba. Ita ce ta dace da yawancin kayan zubi irin murfin injin nan, domin su ma akwai silikon a jikinsu. 'Yar'uwarta 4047, mai kashi 12, ta fi ta gudu wajen cike ƙananan tsaguwa.

Ta biyu ita ce 5356, mai magnesiyam wajen kashi 5. Ta fi ƙarfi, ta fi jure ruwan gishiri, don haka maƙeran jiragen ruwa ke son ta. Amma tana da haddi: ba a sa ta a abin da zai dawwama cikin zafin da ya wuce digiri 65, domin a kwana a tashi wurin zai iya tsagewa. Wanda ya yi wa jikin inji walda da ita don ya ji an ce ta fi ƙarfi, ya shirya sake karɓar aikin.

Akwai kuma wasu sanduna da ake tallatawa, waɗanda ke narkewa da wutar ƙaramar kwalbar gas. Mafi yawan abin da ke cikinsu tutiya ce. Suna toshe hujin tukunyar wanki ko butar lambu, amma liƙi suke yi, ba walda ba, kuma bai kamata a dogara da su a abin da ke ɗaukar nauyi ba.

Ko an dace da lamba, datti yana ɓata aiki. Danshi da maiƙo suna sakin haidirojin cikin narkakken alminiyon, in ya daskare sai a ga ƙananan ramuka kamar na burodi. Saboda haka a adana sanduna a cikin kwalinsu a rufe, musamman da damina. Kafin a kunna wuta a goge sandar da wurin aikin da asiton, sannan a kankare fatar da buroshin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda bai taɓa shafar baƙin ƙarfe ba. Ruwan wanke birki mai kulorin kuwa, kada ya kusanci wurin, domin hasken walda da zafinta suna mayar da tururinsa iskar fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.