Rigar Babur: Ranar Da Take Amfani Da Ranar Da Take Cuta

Duk wanda ya taɓa bi ta wurin fakin na gaban ɗakunan lakca da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ya ga abin nan. Ɗalibi ya fito a gajiye, ya wurga ƙafa zai hau mashin, sai ka ga ya zabura ya diro kamar wanda ya zauna a kan tanda. Shi ya sa kowa da dabararsa. Wani ya ɗora kwali a kan sit, wani buhun siminti, akwai ma wanda na gani ya shimfiɗa dardumar sallarsa. 'Yan kaɗan ne suke da cikakkiyar riga ta lulluɓe babur, kuma a cikinsu ma ba kowa ya san yadda ake amfani da ita ba. Ni ma da ban sani ba, sai da na biya kuɗin makaranta a wurin bakanike.

Babur ɗin da nake hawa ba nawa ba ne. Bajaj ne na yayana, ya ba ni aro ranar da na samu gurbin karatu, da sharaɗi guda: "Idan ka gama ka dawo mini da shi yadda na ba ka." Da muka gama shekarar farko aka tura ni SIWES wani gari, kuma lokacin damina ta yi tsakiya. Na ce bari in nuna wa Yaya ni mai riƙon amana ne. Na wanke mashin tas da yamma, na tura shi bayan ɗakinmu a gidan da muke haya, na sayo baƙar leda mai kauri irin wadda ake rufe buhunan hatsi da ita, na naɗe shi tun daga madubi har ƙasa, na danne gefe-gefen da bulo don kada iska ta shiga. Wallahi har hoto na ɗauka don jin daɗin aikina.

Ranar da na dawo na yaye ledar, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Sit ya yi fumfuna fari fat. Sarƙa ta yi ja ta ƙage, sifokin taya duk tsatsa, batir ya mutu murus. Da na cire murfin gefe sai ga sheƙar ɓera, sun cinye wayoyi biyu. Na tura shi a ƙafa har gareji. Bakaniken ya zagaya shi sau ɗaya ya dube ni ya ce, "Injiniya, ai ba rufe shi ka yi ba, turara shi ka yi kamar dambu." Garin neman gira na rasa ido. Da a ce na bar shi a fili ruwa yana dukansa rana tana busar da shi, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Abin haushin shi ne mun yi wannan darasin a aji. Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, iska, da danshi. Ƙarfe da iska ba yadda za ka yi da su, saura danshi, shi kaɗai ne a hannunka. To ni na rufe babur jiƙe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da ledar da ba ta numfashi. Da rana baƙar leda ta ɗau zafi, ruwan ƙasa da na jikin mashin ya tashi ya zama tururi, ba hanyar fita. Da dare leda da ƙarfe su huce, tururin ya koma ruwa ya kwanta a kan komai. Ɗaga murfin tukunyar shinkafa ka dubi cikinsa, abin da ke faruwa ke nan, sai dai nan kullum ne, safe da dare, har tsawon watanni. Ruwan sama yakan zo ya wuce, wannan kuwa ba ya wucewa.

Kada wani ya ce Malam ya hana rufe babur. Ina rufe nawa har gobe. Abin da nake so mu rarrabe shi ne me kake kare shi daga gare shi, domin shekararmu kashi uku ce kuma kowane kashi da irin cutarsa.

Bazara ita ce lokacin da riga ta fi cin kuɗinta. Daga Maris zuwa Mayu zafi a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, balle baƙin sit da ke shanye a fili. Amma ba zafin kaɗai ke ɓarna ba. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda a aji muke kira UV, shi ne yake tsinka ɗaurin da ke riƙe da roba da leda da fenti. Zafi kuma yana korar sinadarin da ke sa ledar sit laushi. Shi ya sa sit yake bushewa ya tsattsage, jan tanki ya koɗe, gilashin mita ya dusashe har ba ka iya karanta lamba, gefen taya ya yi faso kamar dunduniya a hunturu. Wannan ɓarnar ba a gyara ta, sai dai a sake sabo. Kuma sit ɗin da ya tsage a bazara shi ne wanda sosonsa zai sha ruwa a damina, ka shiga lakcar ƙarfe takwas da jiƙaƙƙen wando, 'yan aji su yi ta kallonka suna ƙunshe dariya. Saboda haka idan mashin zai wuni a rana daga safe zuwa la'asar, kwana biyar a mako, rufe shi. Idan minti talatin za ka yi a banki ko wurin mai hoton takardu, kwali a kan sit ya wadatar, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Wani zai ce ai ga darbejiya nan cike da makaranta, in samu inuwa mana. Inuwa ta fi rana, babu musu. Sai dai ka ɗaga kai tukuna ka ga ko bishiyar makwancin tsuntsaye ce ko ta jemagu. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti, idan ya bushe a kan tanki mai zafi ya kwana biyu, ko ka wanke sai ya bar tabo. A ƙarƙashin irin wannan bishiyar ma riga tana da aiki.

Hunturu kuwa sai an yi a hankali, don nan ne riga take iya zama aboki da maƙiyi a rana guda. Hazon da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas ce take kwaso shi daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne. Garin yana da laushi kamar hoda amma yana da kaifi. Yana shiga ramin makulli, yana shiga makunnin fitila da na hon, yana kwanciya a kan sarƙa ya haɗu da giris ya zama wani kwaɓi mai gurzar ƙarfe a hankali. Babur ɗin da ke kwana a tsakar gida a wannan lokacin ya cancanci a rufe shi, kuma da yake iska a bushe take, matsalar danshi ba ta taso ba. Ko tsohon zanen gado ya isa.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ka dawo daga gari tanki ya yi futu-futu da ƙura ka jefa masa riga haka nan, sannan iskar dare ta yi ta kaɗa rigar, to ka sa wa fentinka sanfefa da hannunka. Kowace kaɗawa gurza ce. Bayan wata biyu za ka ga kafaɗun tanki da saman madgad sun dusashe daidai inda riga take taɓawa, ka yi ta zargin mai wanki. Magani ba wuya. Ka goge tanki da ɗan tsumma mai laima kafin ka rufe, ka kakkaɓe cikin rigar lokaci-lokaci, kuma ka ɗaure ta ta ƙarƙashi yadda ba za ta yi ta fal-fal ba.

A damina abin da ake tsoro shi ne inda ruwa yake shiga ya zauna, ba wanda yake gangarewa ba. Ramin makulli, hular fulogi, da murfin tanki idan robarsa ta ci. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka idan ya shiga tanki ƙasa yake sauka, kuma daga ƙasa ake jan mai zuwa kafireta. Shi ne za ka ga mashin da safe yana tari yana shaƙewa, ka yi ta buga kik har gumi ya karyo maka ga jarrabawa tana jira. Don haka rufe busasshen babur kafin ruwa ya sauko abu ne mai kyau. Amma idan ruwan ya riga ya dake ku a hanya kai da shi, bar shi ya tsane. Idan dole ce ta sa ka rufe shi a jiƙe, to da gari ya waye ka yaye ya sha iska. Sannan a kula da guguwar farkon damina. Babur mai riga yana tare iska kamar bango, idan a jak na gefe ka kafe shi a kan ƙasa mai laushi, za ka fito ka tarar da shi kwance, madubi a fashe, hannun kuloci a karye. Kafe shi a jak na tsakiya, kusa da bango, a kan daɓe.

Akwai kuskure guda da ba ruwansa da kakar shekara, kuma shi ne aka fi yi: rufe mashin da zarar an sauka. Bututun salansa daga inda ya fito daga injin yakan haura digiri 300 bayan doguwar tafiya, ita kuwa leda irin ta tamfol ɗin kasuwa tana narkewa tun wajen 110 zuwa 130. Lissafin a fili yake. Leda ta narke ta manne, kuma kankare ta sai da tabo. Ka ba shi kamar minti ashirin zuwa talatin, ka je ka yi alwala ka yi sallah ka dawo. Ka kai bayan hannunka kusa da salansa ba tare da ka taɓa ba, idan ba ka ji hucin zafi ba, rufe. A wurin fakin na makaranta, inda ba mai lokacin tsayawa jira, gajeriyar riga mai rufe sit da tanki da kai kawai ta fi dacewa, tunda ba ta kai wa ga injin. Kuma idan kafiretarka tana ɗigar da mai, rufe makullin mai tukuna. Tururin fetur a killace kusa da ƙarfe mai zafi ba abin wasa ba ne.

Batun ɓarayi ba zan daɗe a kansa ba. Riga tana ɓoye irin babur da sabuntarsa, kuma tana ƙara wa ɓarawo aiki a lokacin da yake sauri. Iyakarta ke nan. Na san wanda ya kwana uku yana leƙen rigarsa ta taga yana jin daɗi, bai san an zare batir ba. Kulle kai, ka sa sarƙa da kwaɗo ta cikin taya zuwa jikin wani ƙarfe da ba ya ɗaguwa, sannan riga ta biyo baya. A cikin makaranta kuma ka bar lamba a buɗe, don masu gadi su iya shaida shi idan wani ya zo turawa.

Wace irin riga? Wadda nake amfani da ita yanzu wani mai ɗinkin kujerun mota ne ya ɗinka mini a kasuwa, da yadi mai hana ruwa shiga amma ba leda zalla ba. Na zaɓi mai haske saboda baƙi yana tara zafi. Na ce ya bar tagogi biyu ƙanana a ƙarƙashin madubai, da leɓe a samansu yadda ruwa ba zai shiga ba amma tururi zai fita, kuma kada ta kai ƙasa, a bar kamar taƙi ɗaya iska ta riƙa wucewa. Ya sa igiya da ƙugiya ta ƙarƙashin injin. Kafin ka biya kuɗin kowace riga, kara yadin a bakinka ka hura. Idan ko kaɗan iska ba ta ratsa shi kuma ba a yi masa taga ba, ka san irin tawa ledar ce aka yi wa ɗinki.

Ga 'yan ajin farko da za su tafi SIWES bana, ko duk wanda zai bar mashin ya yi dogon hutu, ga abin da na so a ce wani ya faɗa mini. Wanke shi da safe ya wuni yana bushewa. Shafa wa sarƙa mai sosai. Rufe makullin mai ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, don kada fetur ya bushe a kafireta ya bar danƙo. Cire batir ka shiga da shi ɗaki. Kafe shi a jak na tsakiya a kan siminti ko katako, nesa da bola da ɗakin ajiyar hatsi, don ɓera ba abin da yake so irin wuri mai duhu da ba a taɓawa. Sannan ka roƙi wani amintacce ya riƙa yaye rigar sau ɗaya a mako idan rana ta fito. Idan da hali ma, ka roƙi Baba mai gida ya bar ka ka shigar da shi zaure, ka yafa masa zanen gado kawai.

Sarƙa da wayoyi da batir duk na sake su da kuɗin da na tara a SIWES, sit ma an yi masa sabuwar fata. Sifokin ne har yanzu suke da ɗigo-ɗigon tsatsa, duk gogar da na yi musu da baƙin mai. Saura wata uku in kare furojet in mayar wa Yaya makullinsa, kuma na san halinsa, taya zai fara durƙusawa ya duba.