Maraya da Fatalwa a Cikin Kwamfuta: Gwajin Ƙirƙirar Keɓaɓɓun Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1990, lokacin da aka wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a ƙarƙashin hukumar NERDC mai hedikwata a Sheda, Abuja, ɗaliban harshe da adabi suka sami kalmomin nazari da harshensu. Sai dai kimiyyar kwamfuta ta yi nisa ta bar mu a baya. A wannan maƙala zan ɗauki wata matsala da injiniyoyin cibiyoyin adana bayanai suka sani, irin cibiyar Galaxy Backbone da gwamnatin tarayya ta kafa a Abuja a 2006, in gwada bayyana ta da Hausa.

2.0 Uwa da Ɗa

A tsarin Unix, wanda aka fara a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1969, da kuma Linux da ya bi sahunsa, duk manhajar da ke gudana ana ba ta lamba. Na kira ta “aiki”. Aiki kan haifi wani aikin, sai a sami uwa da ɗa. Idan ɗa ya kammala, ƙwayar tsarin ba ta goge shi nan take. Takan riƙe lambarsa da sakamakonsa har uwar ta zo ta karɓa. A wannan tsakanin aikin ya mutu, amma sunansa yana cikin rajista. Turawa suna ce masa zombi. Ni na zaɓi “fatalwa”.

In kuwa uwar ce ta riga mutuwa, ɗan ya zama “maraya”. A nan akwai abin lura: malamai kan ce maraya a cikin mutane shi ne wanda ya rasa uba, a cikin dabbobi kuwa wanda ya rasa uwa. Ke nan kalmar ta dace ko ta wane gefe aka duba ta. Maraya akan miƙa shi ga aiki mai lamba 1, wanda na kira “mariƙi”, domin shi ke riƙonsa, ya kuma karɓi sakamakonsa ranar da ya mutu don a goge sunansa.

3.0 Matsalar Kwantena

A 2013 Docker ya fito, ya yayata dabarar killace manhaja da kayan aikinta a cikin kwantena. Kowace kwantena tana da nata jerin lambobi, kuma galibi manhajar da aka sa a ciki ita ke samun lamba 1. To, an ɗora mata riƙon marayu alhali ba a gina ta don haka ba. Marayu sukan mutu babu mai karɓar sakamakonsu, fatalwowi su yi ta taruwa. Lambobin kuwa ƙayyadaddu ne. A tsohon saitin Linux iyakarsu 32,768. Da zarar sun ƙare, babu sabon aikin da zai tashi, ko da ƙwaƙwalwar na'urar ba ta cika ba.

Matsala ta biyu ita ce ta tsayarwa. Docker kan aika saƙon a dakata, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya kashe da ƙarfi. Amma aiki mai lamba 1 ba ya amsa saƙon farko sai in an shirya shi don haka. Kisan ƙarfi kuwa kan sa a yi asarar bayanan da ba a gama adanawa ba.

4.0 Mafita

Magani shi ne a naɗa ƙaramin mariƙi, kamar tini ko dumb-init, ya zauna a lamba 1, yana isar da saƙonni yana sallamar fatalwowi. Daga 2017 Docker ya saka tini a cikin kayansa. Akwai kuma “mai sa ido”, kamar supervisord ko s6, wanda ke sake tayar da aikin da ya faɗi.

5.0 Kammalawa

Kalmomin nan shawara ce kawai. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da su auna su da ma'aunin ma'ana da sauƙin furuci, su kawo waɗanda suka fi su dacewa a fitowa ta gaba.