Kamilu Dauda, ɗan wasan Akokana

Arlit gari ne na hamada, a arewacin Agadas. Ana haƙar uraniyom a wurin tun shekarar 1971. Kusa da Arlit akwai garin Akokan, inda kamfanin Cominak ya yi aiki daga 1978 har zuwa 2021. Da rana zafi ya yi yawa. Sai da marece yara suke fitowa su buga ƙwallo cikin rairayi.

An haifi Kamilu Dauda a Agadas a shekarar 1987. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar Akokana ta Arlit. Shi ɗan gaba ne: aikinsa shi ne jefa ƙwallo a raga.

Arlit na da nisa da Yamai, amma labarin mai ƙwazo ba ya ɓuya. Ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, a ƙasar Kamaru, ta ɗauke shi. Dole ya bar gida da dangi, ya koyi zama cikin baƙi.

A shekarar 2008 Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka. Al Ahly ta Masar ce ta ɗauki kofin. Lokacin Kamilu bai cika shekara 21 ba. A 2012 yana cikin ƴan wasan Mena da suka je gasar kofin Afirka, karo na farko a tarihin Nijar.

Tambayoyi
1. Ina aka haifi Kamilu?
2. Mene ne aikin ɗan gaba?
3. Nuna Arlit da Garwa bisa taswira.