Kuɗin Tsohuwar Mota Ba Ya Ƙarewa a Hannun Dillali

Duk shekara, daga Satumba zuwa Disamba, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan fita gangamin jan kunnen direbobi. Amma haɗari da yawa tun a wurin ciniki ake sayen sa, ranar da mutum ya zazzage aljihunsa kaf ya karɓi makullin tsohuwar mota, bai bar ko sisi na gyara ba. Ya kamata jama'a su sani cewa kuɗin mota 'yar Beljiyam ko ta hannu kashi biyu ne: abin da aka biya mai ita, da abin da za a kashe kafin ta cancanci ɗaukar rayukan bayin Allah.

Wani zai ce ai darajar mota ba ta faɗuwa a ƙasar nan, wadda ya saya shekara 5 da suka wuce yau an taya ta ninkin kuɗinta. Haka ne, amma naira ce ta faɗi, musamman tun 2023, kuma kusan duk motocinmu daga waje ake shigo da su. Golf 3 da ke jigila a tashoshinmu an daina ƙera ta tun kafin 2000, kuma kowace tafiya daga Kano zuwa Zariya tana rage wa injinta da giyarta kwana. Tsadar da ta ɗaga motar ta ɗaga kayan gyaranta, sai mai ita ya riƙa jin yana da kadara alhali ya kasa saya mata birki.

Kakanninmu da suka san doki ba a ruɗar su da sirdi mai ado ko linzami mai ƙyalli. Mai saye yakan buɗe bakin dokin ya dubi haƙori don ya san shekarunsa, ya ɗaga ƙafa ya dubi kofato, ya sa a sukwane shi ya saurari numfashinsa, sannan ya lissafa dawa da harawar da zai ci kafin ya yi tayi, don ya san tsohon doki arha ne a kasuwa, tsada a barga. Mu kuwa sabon fenti da rediyo sun ishe mu.

Kofaton mota shi ne taya, kuma a nan ɓarnar ta fi yawa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko da zanen bai suɗe ba, ta tsattsage daga ciki, sai zafin kwalta na bazara da lodi fiye da kima su haɗu ta fashe ana cikin gudu. Gwamnati ta haramta shigo da tayoyin gwanjo, amma ga su nan jibge wurin masu faci. Wanda ya iya biyan miliyoyi ya sayi mota, sannan ya ɗora iyalinsa ko fasinja a kan taya mai shekara 10, kada ya fake da talauci, sakaci ne. Kada kuma ya ce ajali in ya zo ba makawa. Ajali gaskiya ne, amma addini bai yarda mutum ya jefa kansa ko waninsa cikin halaka ba, kuma za a tambaye shi amanar waɗanda ya ɗauka.

Mai sayarwa ma ya ji tsoron Allah. Juya mitar tafiya baya, ko ɓoye cewa motar ta taɓa haɗari ko ta sha ambaliya a Amurka, ha'inci ne, kuma malaman fiƙihu sun bai wa mai saye damar mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ga mai saye kuwa, sharuɗɗan sanannu ne: takardun kwastam, lambar shasi ta dace da ta takarda, shaidu, da bakanike naka na kanka, ba na dillali ba. Abin da bakaniken ya ƙiyasta na taya da birki da sitiyari, a cire shi daga tayi tun kafin a ce an sallama.