Mu koya wa yara lissafi da wasa

Ƴan'uwa, mata da maza masu karatun yaƙi da jahilci, ga darasin wannan wata. Yaro ba ya son zama wuri ɗaya. In kun ce ya zauna ya ƙidaya, sai barci ko kuka. To, ku bar shi ya yi tsalle, lissafi ya shiga kansa ta ƙafa.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne kuɗi. Da baki muna cewa dala. A kan kuɗi kuwa tamma aka rubuta. Dala ɗaya tamma 5 ce. Kuɗin da aka rubuta wa 25, dala biyar ne. Mai 100, dala ashirin. Takardar 1000, jikka ce, wato dala ɗari biyu. Yarinyar da ke talla, in ba ta san wannan ba, za a cuce ta wajen canji, ta komo gida uwa ta yi mata faɗa.

Ga yadda za ku yi. Bayan la'asar, in rairayi ya huce, ku share fili, ku kawar da ƙaya. Ku zana gidaje 20 a jere, kowane ya ɗauki ƙafafun yaro. Gida na farko ku rubuta 5, na biyu 10, na uku 15, haka har 100. Uwa ko wa ya ce: "Dala bakwai!" Yaro ya yi tsalle bakwai yana ƙirga da ƙarfi. Inda ya tsaya ya karanta: 35. In ya ɓata, ya koma farko da ƙafa ɗaya, kamar ɗan langa. Kada a buge shi. Dariyar ƴan'uwansa ta isa.

In ya gwane, ku juya wasan. Ku nuna masa gidan 60, ku tambaye shi dala nawa ne. Sai ya taka ya gano: goma sha biyu. Wannan ya fi wuya, ku yi haƙuri kwana da kwanaki.

Daga nan sai canji. An sayi ƙuli-ƙuli na dala goma sha uku, an ba da dala ashirin. Yarinya ta tsaya a gidan 65, ta yi tsalle har gidan 100. Tsalle bakwai ta yi. Canjin dala bakwai ke nan, tamma 35. Ku sa tsakuwa ko ƙwallon aduwa su zama kayan saye, yara su yi kasuwarsu.

Manyan yara kuma ku sa su haƙa muku gurabun dara: layi 5, kowane da gurbi 6. Gurbi nawa ke nan? Kowane ɗan wasa ya zuba ƴaƴa 12. Gurbi nawa suka rage? Kada ku faɗa musu. Su ƙirga kafin a fara wasa.