Haruffa Masu Ƙugiya a Harshen Python: Yadda Ake Kai Ƙorafi da Ba da Shawara

Gabatarwa

Ɗaliban Hausa da yawa mun saba ganin kwamfuta ta lalata mana rubutu, mu yi tsaki mu gyara da hannu, mu wuce. Wannan maƙala za ta nuna cewa akwai hanyar da ake kai ƙorafi ga masu kula da harsunan kwamfuta, sannan ta bayyana yadda ake bambance kuskure na gaskiya da abin da aka tsara da gangan. Zan ɗauki harshen Python a matsayin misali.

Mene ne Rumbun Kayan Aiki?

Harshen kwamfuta shi ne tsarin umarni da ake rubuta manhaja da shi. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fitar da Python a 1991. Duk wanda ya ɗora Python a kwamfutarsa zai same shi tare da tarin ƙananan kayan aiki da aka riga aka rubuta: na lissafi, na kwanan wata, na jera kalmomi, na sarrafa rubutu. Wannan tarin ne nake kira rumbun kayan aiki. Mai rubuta manhaja ba ya ƙera su, ɗauka kawai yake yi. Saboda haka in akwai tangarɗa a rumbun, za ta bi duk manhajar da aka gina da shi.

Tun fitowar Python 3 a watan Disamba na 2008, rubutu a harshen yana bin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Haruffanmu masu ƙugiya suna ciki: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y.

Gwaji Uku

A hutun da ya wuce na tattara kalmomin ginin tukwane a garinmu Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, garin da cibiyarsa ta tukwane ta yi suna har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a 2000. Da na zo tsara kalmomin da kanun bayanansu, na gwada abubuwa uku.

Na farko, mayar da ƙananan baƙaƙe manya. Kayan aikin da ake kira upper ya mayar da "ƙasa" ta koma "ƘASA". Nan babu matsala.

Na biyu, sa babban baƙi a farkon kowace kalma, kamar yadda ake yi a kanun rubutu. Mu ɗauki "'yan jam'iyya". Kayan aikin title ya ba da "'Yan Jam'Iyya", domin yana ɗaukar alhamza a matsayin iyakar kalma. Haka zai mayar da "jama'a" ta koma "Jama'A". Akwai wani mai suna capwords, shi kuma ya ba da "'yan Jam'iyya": ya gyara kalma ta biyu, amma ya bar ta farko, domin abin da ya tarar a farkonta alama ce, ba harafi ba. Daidaitaccen rubutu shi ne "'Yan Jam'iyya", kuma babu wanda ya kawo shi a cikin biyun.

Na uku, jera kalmomi bisa tsarin abacada. Na ba sorted waɗannan: baho, ɓawo, ɗaki, kasko, ƙasa, tulu. Sai ya dawo da: baho, kasko, tulu, ƙasa, ɓawo, ɗaki. Dalili shi ne lambobin haruffa yake bi. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599. Ke nan duk kalmar da ta fara da harafi mai ƙugiya sai ta faɗa bayan z. A jerin sunayen ɗalibai, Ɗanladi zai zo bayan Zainab, mai nema kuma zai ɗauka ba ya ciki.

Wanne ne Kuskure?

Ma'aunin shi ne littafin bayanin Python. In littafin ya ce abu zai yi kaza, aka gwada bai yi ba, wannan kuskure ne. Da a ce upper ya bar ƙ yadda take, da ƙorafi ya dace kai tsaye.

Halin title kuwa sananne ne, littafin ma ya yi gargaɗi a kansa da misalin Ingilishi. Wanda ya kai shi a matsayin kuskure, za a nuna masa wannan gargaɗin a rufe maganar. Masu kula da harshen ba sa gaggawar sauya tsohon hali, domin manhajoji masu ɗimbin yawa sun dogara da shi yadda yake. Abin da ya dace a nan shawara ce, misali a ƙara bayani cewa akwai harsunan da kalma ke farawa da alhamza.

Shi kuma jerin abacada, gyaransa ba a sorted yake ba. Python na da sashe mai suna locale da ke karɓar ƙa'idar jeri daga kwamfutar da ake aiki a kanta, kuma a tsarin Linux akwai ƙa'idar Hausar Nijeriya mai suna ha_NG. Haka nan ƙungiyar Unicode na da taskar bayanan harsuna, CLDR, wadda ta ƙunshi jerin Hausa da sunayen ranaku da watanni. In an ga kuskure a waɗannan bayanan, can ake kai shi.

Yadda Ake Rubuta Ƙorafi

Tun 2022 ana karɓar ƙorafe-ƙorafen Python a GitHub, kuma da Ingilishi ake rubutawa. Matakan su ne:

1. A fara bincike ko wani ya riga ya kai irin ƙorafin. In akwai, sai a ƙara sabon bayani a kansa.
2. A faɗi lambar fitowar Python ɗin da irin tsarin kwamfutar.
3. A kawo misali mafi gajarta, layi ɗaya ko biyu, wanda kowa zai gwada ya ga abin da idonsa.
4. A rubuta abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito.
5. A kawo hujjar ƙa'idar rubutun Hausa, domin mai karantawa mai yiwuwa bai taɓa ganin ƙ ba.
6. Matsala ɗaya, ƙorafi ɗaya. A kuma dawo a amsa tambayoyi.

Ita shawara tana bukatar a nuna wa zai amfana da kuma abin da sauyin zai iya ɓatawa. Manyan sauye-sauye ana rubuta su a takarda ta musamman da ake kira PEP. Da yawan masu wannan aiki na sa kai suke yi, don haka ladabi da haƙuri na taimakawa.

Kammalawa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya a Turai ba zai gane cewa "Jama'A" ɓarna ce ba, amma ɗalibin aji ɗaya a sashenmu zai gane nan take. Mataki na huɗu da na biyar ba sa bukatar ƙwarewa a kwamfuta, ilimin ƙa'idojin rubutu suke bukata, kuma shi muke karanta. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta haɗa kai da ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta: su kawo gwaji, mu kawo ƙa'ida, a rubuta ƙorafin tare.