KUKAN ƘAFAR MOTA DA FASSARARSA

Malamin makarantar allo yakan zauna cikin yara hamsin, kowa na ɗaga murya da karatunsa, amma da ɗaya ya ɓata harafi sai ka ji ya kira sunansa. Irin wannan kunne ya kamata mai tuƙin mota ya samu, gama mota ba ta rasa ƙara, amma akwai ƙarar lafiya, akwai ta ciwo. Nufina a wannan darasi in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake rarrabe kukan da ke fitowa daga ƙafa da burki.

Burki iri biyu ne. Akwai mai ganga, wanda Louis Renault na Faransa ya fito da shi cikin 1902, inda takalma biyu ke buɗewa su tokare gangar ta ciki. Akwai kuma mai faifai, wanda Frederick Lanchester na Ingila ya yi wa rajista cikin shekarar nan dai, inda takalman ke matse faifan ƙarfe ta gefe biyu. Ko wanne ne, guga ce ke tsai da mota, abin da ake gugawa kuwa lalle ya zaizaye.

To, in ka ji kuka, sai ka yi wa kanka tambaya uku. Yaushe yake zuwa? Taka burki yana sake shi? Karya kwana yana sake shi? Amsar waɗannan ita ke nuna inda ciwon yake.

Na farko, kukan safe. Da damina, in mota ta kwana a waje ko ta keta ruwan da ke kwanciya a titi, tsatsa kan ɗan hau faifai. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga. In ka taka burki sau biyu ko uku kukan ya ɗauke, babu damuwa.

Na biyu, siririn tsuwa mai bin mota tana tafiya, wanda kan canza ko ya yi shiru in an taka burki. Wannan da gangan maƙera suka shirya shi. Sabon takalmi kaurinsa wajen milimita 10 ne, kuma yawanci akan maƙala masa wani ɗan harshen ƙarfe. In ya cinye saura kamar milimita 2 ko 3, sai harshen ya fara taɓa faifai yana kuka, watau yana ce maka lokacin sake takalmi ya yi.

Na uku, gurza mai kauri kamar ana niƙa a dutse duk sa'ad da aka taka burki. Takalmi ya ƙare ke nan, ƙarfe na cin ƙarfe. Mai wannan mota ya ajiye ta, don wanda ya ƙi sayen takalmi jiya, yau faifai zai haɗa da shi.

Na huɗu, kukan da bai kula da burki ba. In ƙara ce ta karta wadda ta zo farat ɗaya, sau da yawa tsakuwa ce ta maƙale bayan faifai. In kuwa gunji ne mai ƙaruwa da gudu, yana sakewa in an karkata sitiyari, a tuhumi boris. A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sa'an nan a juya ta a saurara. In tana lilo ko gurnani, boris ya mutu.

Na biyar, ƙas-ƙas-ƙas sa'ad da aka murɗe sitiyari sarai, kamar mai neman juyawa cikin lungunan Birni. Wannan ba laifin burki ba ne. Robar da ke rufe gaɓar shaf ce ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga.

Akwai kuma burkin da ke kamewa bai saki ba. Alamarsa mota ta riƙa ja gefe guda, ƙafa ɗaya kuma ta fi sauran zafi. A kusantar da hannu kawai, kada a taɓa.

Saura gargaɗi uku. Kada a zuba mai a takalmi ko faifai wai don kuka ya daina, gama kuka zai tafi, burki kuma ya bi shi. Kada a hure ƙurar ganga da baki, don wasu takalman, musamman na da, suna da asbesto mai lalata huhu. In kuma aka je sayen takalmi a Kasuwar Ƙofar Ruwa, a sayi na dama da na hagu a sake su tare, don kada mota ta fizge gefe.

Dalilin wannan dogon bayani lissafi ne. Mota mai gudun kilomita 30 a awa tana cin mita 8 da 'yan kai cikin daƙiƙa guda, mai gudun 50 kuwa wajen mita 14. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke bukata ya ninku sau huɗu. Wanda ya san cunkoson Ƙofar Mata da na bakin Kasuwar Kurmi, da yadda yara ke faɗowa titi daga zaure ba sallama, ya san mita guda ita ce tsakanin tsira da makoki. Mu da za mu zama malamai, sai mu koya wa yaranmu wannan lissafi. Allah ya kiyashe mu, amin.